Neman makarin gwiwar da zan iya wuni da shi a kan keke

Sati biyar na yi ina sallah a kan kujera. Ƙashi bai karye ba, fatar da ke kan ƙoƙon gwiwata ta dama ce ta dare, aka yi mata ɗinki bakwai. Duk wanda aka taɓa ɗinke wa wannan wurin ya san ba ya barin mutum ya huta: ka tashi ya ja, ka zauna ya ja, ka juya cikin barci ya tashe ka. Likita ya hana ni lanƙwasa ƙafar sai an cire zare, da aka cire kuma kumburi ya ƙi sauka. A masallacin unguwarmu ni kaɗai ne mai baƙin gashi a cikin masu kujera. Zafin ciwo na iya jure shi, amma rashin kai goshi ƙasa ya tsaya min a rai ƙwarai.

A duwatsun Shere abin ya faru, a wani gangare da ke bayan Lamingo, wata Asabar a farkon rani. Ba gudu nake yi ba. Wani falalen dutse ne da iska ta watsa wa tsakuwa ƙanana, kamar an barbaɗa gero a faranti, na taɓa birkin gaba a inda bai kamata ba, tayar ta zame, sai ga ni a ƙasa. Da hular kwano a kaina, da safa a hannuna, gwiwa kuwa daga ita sai yadin wando. Dutsen Jos kuma ba ya da tausayi, fuskarsa kamar dutsen niƙan da aka koɗa jiya. Ƙasa da daƙiƙa ɗaya na yi a kansa, ya karɓi rabonsa.

Ranar da na fara takawa ba sanda, uwargida ta ce, "Abban yara, ni ba zan ce ka bar keken nan ba, na san yadda kake son sa. Amma ko dai ka nemi abin da zai tare maka gwiwa, ko ya koma keken cefane." Gaskiya ta faɗa, ban yi musu ba.

Na ɗauka abu ne na yini ɗaya. Sai da ya ci min kusan shekara, da kuɗi har sau uku.

Wajen 'yan gwanjo na fara zuwa. A cikin wata dila da ta haɗa takalman ƙwallo da hulunan kwano na yara na tsinci guda biyu, baƙaƙe, kowanne da ƙoƙon roba mai tauri a gaba da maɗauri biyu masu mannewa ta baya. Na ƙwanƙwasa da yatsa na ji ƙwas-ƙwas, zuciyata ta kwanta. Mai kayan ya ce, "Yallaɓai, wannan ko guduma aka sa ba za ka ji ba." Na ɗaura a kan wando a nan tsaye, na ɗan taka, na biya.

Daga baya na gane na masu takalmin taya ne, waɗanda ke faɗuwa a kan siminti su zame da gwiwa. Aikinsu daban da namu. Mai keke idan yana juya feda sau 70 a minti, a awa ɗaya gwiwarsa ta lanƙwashe ta miƙe sau 4,200. Mu kuma fitarmu ba ta kasa awa uku, wato sama da sau 12,000 ke nan. Maɗaurin da ba ka ji komai ba da ka taka sau goma a kasuwa, idan ya goga wuri ɗaya sau dubu, ga gumi, ga jar ƙura ta shiga tsakani, sai ya zama zarto. Fitar farko na dawo da bayan gwiwa ya yi ja. Fita ta biyu fata ta saɓule, ruwan wanka ya taɓa wurin na ji har tsakar kaina. Idan na sassauta maɗaurin sai ƙoƙon ya riƙa sauka yana bugun ƙwauri, idan na tamke sai yatsun ƙafa su fara min kamar ana tsira allura.

A fita ta huɗu makarin ya koma cikin jakar baya. Na ce wa kaina zan hau ba shi, idan mun kai sama in ɗaura. Amma hanyoyinmu ba hawa ɗaya da sauka ɗaya ba ne. Ka hau minti goma, ka gangara minti biyu, ka ratsa gonar acca ta tsakanin shingen ƙerana, ka tsallaka kwazazzabo, ka sake hawa. Babu wurin da za ka ce nan ne farkon haɗari. Abokan tafiya kuma sun riga sun yi gaba. Haka na yi wata guda ina hawan dutsen da ya yanke ni, gwiwa a buɗe, abin kariyar yana goye a bayana. Wannan ya tsorata ni fiye da faɗuwar kanta, don a gida an ɗauka ina sa shi.

Sai na koma ɗaya ɓangaren gaba ɗaya. Na ga wani a intanet mai kama da safa, siriri, ba maɗauri, ana zura shi ta ƙafa, da ɗan soso a gaba. Na zaɓi L tunda wandona L ne. Da ya iso na ji daɗinsa sosai, har mantawa nake yana jikina. Matsalar ita ce bayan awa ɗaya, idan gumi ya jiƙa shi, sai ya fara rarrafowa ƙasa a hankali, in riƙa miƙa hannu ina jan sa sama ina kan tafiya. Wata rana a wajen Rayfield, kusa da kududdufan da haƙar kuza ta bari, na sake zamewa a kan marmara. Faɗuwa ce ƙarama. Yadin ya kama ƙasa, jikina ya ci gaba da tafiya, makarin ya zame ya koma ƙwauri, ƙasa ta goge min fata daidai saman tsohon tabon. Na zauna ina kallon sa a naɗe a ƙasan gwiwa, ko ƙwarzane babu a sosonsa.

A cikin masu hawa tare da mu akwai wani dattijo da muke kira Injiniya, ya daɗe yana aiki a Turai, can ya koyi wannan wasa. Shi ya tsaya a kaina ran nan. Ya ɗauki makarin ya juya cikinsa waje, ya duba, ya ce, "Ƙanena, wannan ba shi da ko lamba. Zo ka ga nawa." Ya zaro wani abu mai ruwan lemo daga aljihun nasa makarin, mai laushi kamar ƙullin fulawa, ya nuna min wani ɗan hatimi da aka buga a jikinsa: hoton mutum a kan babur, da harafin K, da B, da lamba 1, da rubutu EN 1621-1.

Abin da ya bayyana min a gindin wata bishiya ran nan, na je na ƙara bin diddiginsa daga baya. EN 1621-1 ma'auni ne na Turai da aka yi don kayan kariyar masu babur, masu yin kayan keken dutse suka ara. Gwajin kuwa shi ne a ɗora abin kariyar a kan wani dunƙulen ƙarfe, a sako masa ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita ɗaya, a auna ƙarfin bugun da ya ratsa ya isa ƙasa. Idan matsakaicin abin da ya ratsa bai wuce kiloniyutan 35 ba, an ci mataki na 1. Idan bai wuce 20 ba, mataki na 2 ke nan. Kiloniyutan ɗaya kusan nauyin buhun siminti biyu ne, saboda haka ko wanda ya ci jarrabawar ba ya shanye bugu duka, rage shi yake yi ya baza shi. Harafin K na nufin na gwiwa ne, idan ka ga K+L to ya sauko ya rufe har ƙwauri. A da B kuma faɗin wurin da yake karewa ne, B ya fi A faɗi. Wani lokaci za ka ga T+ ko T-, ma'ana an sake gwada shi a zafin digiri 40 ko a sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri. Mu nan T+ ce ta shafe mu, don irin wannan soso yana ƙara laushi idan ya ji zafi.

Na tambaye shi yadda abu mai laushi haka zai tare dutse. Ya ce, "Ana dama koko a gidanka? To je ka sa hannu a gasara." Da na koma gida na roƙi uwargida ta bar min 'yar gasarar masara a roba, mai kauri, wadda aka tsiyaye wa ruwa. Na tura yatsa a hankali, ya nutse. Na kai mata duka da sauri, sai na ji kamar na bugi ƙasa. Haka wannan soso yake aiki: idan gwiwa tana lanƙwasa shi a hankali sai ya bi ta, idan bugu ya zo farat ɗaya sai ya ƙanƙame na ɗan lokaci, sannan ya saki. Mai ruwan lemon nan sunansa D3O, wani kamfanin Ingila ke yin sa, kuma ya fara suna ne a gasar Olamfik ta hunturu ta 2006 a Italiya, inda 'yan gudun kan ƙanƙara na Amurka da Kanada suka sa shi a cikin kayansu. Ba shi kaɗai ba ne. POC na ƙasar Suwidin suna kiran nasu VPD, akwai SAS-TEC na Jamus, Leatt na Afirka ta Kudu suna da 3DF. Sunaye ne daban-daban, dabarar kusan ɗaya ce.

Amma Injiniya ya ja min kunne da wata magana da ta fi duk wannan amfani a wurina. Ya ce hatimin yana ba ka labarin soson ne, bai san siffar ƙafarka ba. Wannan kai za ka nemo.

Kafin awo sai da na yi wa kaina tambayar irin hawan da nake yi da gaske, ban da wanda nake kallo a bidiyo. A wurare irin su Whistler a Kanada ko Morzine a Faransa, na'ura ce ke ɗaukar mutum da kekensa ta kai shi saman dutse, shi gangarowa kawai zai yi. Irin wannan zai iya sa mai ƙoƙon roba, mai kauri, har ƙwauri, don ba feda zai wuni yana juyawa ba. Mu a Jos garin kansa yana kan tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, kuma duk mitar da ka hau da cinyarka ka hau ta. Kashi uku cikin huɗu na lokacina a hawa yake tafiya. Ba na tsalle, ba na tsere. Saboda haka na tsayar da shawara a kan mataki na 1, faɗin B, mai laushi, amma da ƙarin soso a gefe da gefe, don sau da yawa gefen gwiwata ne ke bugun ƙarfen tsakiyar keke ko dutsen da ke bakin hanya. Wanda yake tashi sama da keke ko yake sakin birki a gangare, ni dai shawarata ya ɗauki mataki na 2 ya haƙura da zafinsa.

Awo kuwa wajen telanmu na je, wanda ke ɗinka min kaya tun kafin in yi aure. Kowane kamfani yana da jadawalinsa, kuma ba wuri ɗaya suke cewa a auna ba. Da yawa suna son kewayen cinya a santimita 10 sama da tsakiyar ƙoƙon gwiwa, wasu 15, sai kuma kewayen sha-raɓa. Na rubuto su duka a takarda. Tela ya saba da inci, sai da muka juya tef ɗin ta ɗaya fuskar. Ya sa alli ya ɗiga a tsakiyar ƙoƙon, ya auna sama ya ɗiga, ya zagaya tef ɗin bai ja ba, bai sassauta ba. Da ya gama dama ya koma hagu sai ya dakata, ya sake komawa dama.

"Alhaji, ƙafarka ta dama ta rame," in ji shi. "Wannan 46, wannan 47 da rabi."

Makonnin da na yi ba na taka ta ne suka cinye naman, ban kuma lura ba. Sha-raɓa kuma 36, siririya idan aka gwada da cinyar. Da na ɗora waɗannan lambobi a kan jadawalai sai na ga dalilin wahalata: a cinya ni L ne, a sha-raɓa M, a wani kamfanin ma tsakanin biyun na faɗa ta kowane ɓangare. Safar da na saya ta yi min daidai a sama, ta yi min yawa a ƙasa, babu abin da zai riƙe ta.

A nan babu shagon da za ka shiga ka gwada kala biyar ka zaɓa. Abin da muke da shi shi ne junanmu. Na faɗa wa 'yan ƙungiyarmu halin da nake ciki, mutum uku masu jiki kusan nawa suka ba ni aron nasu, kowanne na fita ɗaya, in wanke in mayar. Wannan aron ya koya min abin da karatun wata biyu bai koya min ba.

Na farko doguwar safa ce mai kyau, mai hatimi, da layin roba mai kama fata a bakin sama. Ba ta da nauyi, iska tana shiga, kuma tsawonta ya taimaka, don ta hau cinya sosai har ƙarƙashin gajeren wando. Ba ta sauka da kanta ba. Amma da na kama ta da hannu biyu na finciko ƙasa da ƙarfi, kamar yadda marmara ta yi wa tawa, sai ta biyo hannuna. Na biyu mai zif ne a gefe, an yi shi da irin robar rigar masu nutso a ruwa. Daɗinsa shi ne kana iya sawa ka cire ba tare da ka kwance takalmi ba, kuma a gwiwa kamar an rungume ka. Sai dai zafi. Kafin mu kai rabin hawa gumi yana gangarowa cikin safata, ƙarshen zif ɗin kuma ya sami wani ƙashi a gefen ƙafata ya zauna a kai. Mai shi bai taɓa jin wannan ba, ƙafarsa daban da tawa.

Na uku shi ya buɗe min ido. Da na sa shi na miƙe tsaye sai na ga kamar ya yi min yawa, gabansa ya turo, har da ɗan rami tsakaninsa da gwiwa. Na kusa cire shi. Injiniya ya ce, "Hau keke tukuna." Ina ɗora ƙafa a feda sai ramin ya ɓace, ƙoƙon gwiwa ya shige gurbinsa daram. Ashe a lanƙwashe aka ɗinka shi tun asali, da siffar ƙafar mai tuƙi. Wanda ya yi maka kyau kana tsaye a miƙe, a kan keke zai riƙa jan ƙoƙon gwiwa a kowane juyi, bayansa kuma ya tattare ya cije ka. Sannan yana da wani siririn maɗauri a baya, ƙasa da lanƙwasar gwiwa kaɗan, daidai inda tsokar sha-raɓa ta fara tudu. A nan asirin yake. Ni da can ina ta tamke cinya, alhali cinya kumbura take tana saki a kowane juyin feda, ga ta kuma sirancewa take yi tana gangarowa wajen gwiwa, duk abin da ka ɗaura mata ƙasa zai nufa. Tudun sha-raɓa kuwa kamar kanta ne: abin da ya zauna a samansa ba shi da hanyar wucewa. Na finciki wannan da hannu biyu, ya motsa kamar faɗin yatsa ya tsaya. Na murɗa shi gefe, ya dawo. Maɗaurin cinya kuma ban ja shi sosai ba, yatsa biyu suna shiga.

Daga nan na san abin da nake nema, ko da wane suna ne a jikinsa: lanƙwasasshen ɗinki, maɗauri a saman sha-raɓa, dogon wuya a cinya, raga ko buɗaɗɗen wuri a bayan gwiwa, soson da ake iya zarowa, da hatimi a jikin soson kansa. Na ƙarshen nan na dage a kai, don hotunan intanet cike suke da soso mai ruwan lemo wanda launi kawai ya ara.

Ɗan yayata yana aiki a Ingila, zai zo gida a watan Disamba. Na tura masa hoton wanda nake so, na ce ya sayo M da L duka. Ya kira ni ya ce, "Kawu, guda biyu? Kowanne fa ya fi kuɗin buhun shinkafa." Na ce masa na riga na yi asarar biyu saboda tsoron kashe kuɗin ɗaya, kuma wanda bai yi min ba akwai mai jiran sa a cikin abokan hawa.

Da suka iso ban cire takardar jikinsu ba sai da na yi musu jarrabawa a tsakar gida. Na fara juya cikinsu waje na bi kowane ɗinki da yatsa. Na duba alamar hagu da dama, don ba ɗaya ba ne, soson gefen waje ya fi na ciki. Na sa M a dama, L a hagu, na tsuguna na tashi sau 20, na hau matakala na sauko, na durƙusa a kan tsakuwa da duk nauyina, na zauna irin zaman tahiya. Sannan na zagaya unguwa da keke rabin awa, na dawo na musanya ƙafa na sake. L ya fi daɗi a minti biyar na farko. Bayan rabin awa ya sauka da kusan inci ɗaya a ƙafar dama. M ya matse ni da farko har na yi shakka, amma yatsuna ba su yi tsira ba, da na cire kuma shatar da ya bari ta ɓace kafin in gama shan ruwa. Yadi mai talewa sakewa yake yi da amfani, ba ya ƙara matsewa. Na riƙe M.

Ko shi ɗin sai da muka saba. Fitar farko da asubar hunturu ce, irin sanyin Jos da ke sa haƙora kaɗawa, soson ya yi tauri kamar busasshen ƙirgi. Raina ya ɓaci, na ce an sake. Minti goma da fara tuƙi ɗumin jiki ya ratsa shi ya yi laushi. Yanzu idan ana sanyi tun a ɗaki nake sa shi kafin in karya. Fita ta biyu kuma ya riƙa zamewa, abin da bai yi ba a tsakar gida. Na yi ta tunani har na tuna cewa da safen na shafa basilin a ƙafa saboda kaushin hunturu. Robar bakin makarin busasshiyar fata take kamawa, a kan mai kuwa sulɓi take yi. Tun daga ranar, ranar hawa ba na shafa mai daga cinya zuwa sha-raɓa sai na dawo.

Akwai kuma wani ɗinki a na hagu, a bakin ragar baya, da yatsana bai gano ba amma awa uku ta gano shi. Na kai wa tela. Ya ce keken ɗinki zai kashe talewar yadin, sai ya yanko ƙyalle mai laushi daga tsohuwar singileti ya lulluɓe wurin, ya bi da allurar hannu, sassauƙan ɗinki. Na roƙe shi kada allura ta taɓa soson, ya zare shi ya ajiye gefe kafin ya fara. Shi ne kuma ya ƙara wa gajeren wandona tsawo ya sauko ya hau kan makarin, don da can idan na zauna a sirdi wani yanki na cinya yana fitowa tsakaninsu. Wannan ya dame ni ta fuskar sutura, kuma wurin da ya fito ɗin nan dutse ba ya ƙyale shi.

Zafi kam yana nan. A Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka, babu makarin da zai yi maka sanyi, duk wanda ya ce maka akwai bai hau da rana ba. Abin da na samu shi ne zafin da zan iya jurewa har in manta. Idan mun tsaya hutawa nakan sassauta maɗaurin in sauke shi ƙwauri gwiwa ta sha iska, in mayar kafin in taka feda. Wanki kuma duk fita biyu, in zare soson, in cuɗa yadin da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, in shanya a inuwa. Na taɓa yin sakaci na sati biyu, ƙuraje suka feso min a bayan gwiwa, gishirin gumi da ƙura kuma suka sa robar bakin ta daina kamawa sai da na goge ta. Ba na barin sa a but ɗin mota cikin rana.

A watan Agusta, tsakiyar damina, na sake faɗuwa a Shere, ba nisa da wurin farko. Gansakuka ce a kan dutse inda ruwa ke tsatsowa. Wannan karon da ɗan gudu, kuma gwiwar dama ce ta fara isa. Na ji bugun har ƙugu, na zame kamar taku biyu. Na zauna ban duba ba tukuna, ina jiran in ji ɗumin jini yana bin ƙwauri kamar wancan karo. Shiru. Makarin yana inda na sa shi da safe, yadin gabansa ya kurje har zare ya tashi, ya ɗan karkata gefe kaɗan. Da na sauke shi, tsohon tabon yana nan lafiya, sai wani ɗan wuri a gefe da ya yi ja, washegari ya yi baƙi. Gwiwar hannuna ce ta zubar da jini ran nan. Na hau keke na ƙarasa tafiyar, na yi azahar a masallaci a cikin sahu, da sujadata.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka makari maganin komai ne. Bugu da yanka yake tarewa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ba ni aro ya sa ƙafa a ƙasa cikin gudu, ƙafar ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, jiki ya juya, jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, alhali makarinsa mai kyau yana jikinsa. Murɗewa ba aikin soso ba ce. Ƙwaurina ma har yau a buɗe yake, haƙoran feda sun sha yi min zane a wurin, ina kuma tunanin doguwar safa mai ɗan soso saboda shi.

Bayan faɗuwar Agusta na zaro soson na ɗaga shi a rana, na lanƙwasa ta kowane ɓangare ina neman tsaga ko wurin da ya lotsa bai dawo ba. Ban samu ba, na mayar. Tela ya yi wa gaban yadin faci da wani ƙyalle mai kauri. Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan, bakin saman na dama ya fara saki, sai na ƙara jan maɗaurin fiye da da. Makon jiya na koma aka sake auna ni, cinyar dama ta dawo 47. Tela ya rubuta a littafinsa, a ƙarƙashin awon rigata, na kuma tura wa ɗan yayata hoton shafin.